Tinariwen: Yadda Jitar Abzinawa Ta Fito Daga Zaman Hijira Ta Zaga Duniya

A watan Fabrairun 2012 aka ba ƙungiyar makaɗa ta Tinariwen lambar yabo ta Grammy a Amurka, saboda kundin waƙoƙinsu mai suna Tassili. A daidai wannan lokaci yaƙi ya riga ya ɓarke a arewacin Mali, yankin da ya haife su, kuma kafin shekarar ta ƙare masu iƙirarin jihadi sun haramta kiɗa a Kidal da Gao da Timbuktu. Ɗaukaka a waje, ƙunci a gida: a tsakanin waɗannan biyu tarihin ƙungiyar yake tafiya tun farkonsa.

Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka sukan lissafa Tinariwen cikin manyan makaɗan rok na wannan zamani. Amma hanyar da suka bi ta sha bamban da wadda aka saba gani. Ƙungiyar Beatles ta kafu a Liverpool a 1960, ta samu kamfanin da zai buga mata faifai a 1962, zuwa 1964 ta gama cika duniya. Tinariwen kuwa ta fara haɗuwa wajen 1979, kundinta na farko bai isa kasuwar duniya ba sai 2001. A tsawon waɗannan shekaru ashirin da 'yan kai, waƙoƙinsu suna yi wa al'ummar da ta warwatse aikin wasiƙa da jarida da rediyo. A ganina wannan dogon zama ne ya ba kiɗan nauyin da duniya ta ji daga baya, kuma duk wanda ya tsallake shi ba zai gane abin da yake saurare ba.

Tawaye, fari da hijira

Jagoran ƙungiyar, Ibrahim Ag Alhabib, ɗan yankin Tessalit ne a tsaunukan Adrar na arewacin Mali. Yana ƙaramin yaro aka yi tawayen Abzinawa na 1963 a zamanin shugaban Mali Modibo Keita, sojojin gwamnati suka kashe mahaifinsa, suka halaka dabbobin gidansu. A kudancin Aljeriya ya girma, cikin 'yan gudun hijira. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke.

Bayan tawaye sai fari. Na 1973 zuwa 1974 ya cinye raƙuma da awaki, na 1984 zuwa 1985 ya ƙarasa abin da ya rage. Makiyayin da ba shi da dabba ba shi da zama, don haka dubban samari daga Mali da Nijar suka kwarara zuwa Tamanrasset da Djanet da garuruwan kudancin Libiya, suna leburanci da gadi, ba takarda ba tabbas. Su ake kira ishumar, wato samari marasa aikin yi. Suka fito da salon shigarsu da na maganarsu, kuma suna bukatar waƙar da za ta faɗi halin da suke ciki.

A Tamanrasset ne Ibrahim ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da Inteyeden Ag Ableine, suka riƙa kiɗa a wurin biki da zaman hira. Da Mu'ammar Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa a 1980 su zo Libiya su karɓi horon soja, suna cikin waɗanda suka amsa. A sansanonin Libiya suka samu jita mai amfani da lantarki, suka samu masu sauraro daga kowane ɓangare na Sahara, kuma a can Abdallah Ag Alhousseyni ya shigo cikinsu daga baya.

Daga tende zuwa jita

Kafin jita, kiɗan Abzinawa yana da masu shi. Mata ke kaɗa imzad, mai tsirkiya ɗaya irin ta goge, namiji yana rera waƙa a kai. Mata ne kuma ke buga tende. Turmin daka ake ɗauka, a rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure da taɓare biyu a gefe, mata biyu su zauna a kan taɓaren don fatar ta ɗame, ana yayyafa mata ruwa lokaci zuwa lokaci. Mace ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi da tafi da guɗa, maza kuma suna zagaya su a kan raƙuma, takun raƙumin yana bin kiɗan. Akwai kuma tehardent, dangin molo, wanda yake hannun maroƙa na gado, musamman wajen Gao da Timbuktu.

Jita baƙuwa ce, ba gadon gidan kowa ba ce. Wannan ya buɗe ƙofa: ɗan kowane gida yana iya ɗaukarta ba tare da an ce ya shiga sana'ar da ba tasa ba. Bahaushe zai gane girman wannan sauyi, domin mu ma mun san lokacin da kiɗa yake na makaɗa da maroƙa kawai, kafin zamani ya sakar wa kowa mara.

Duk da haka, wanda ya kasa kunne zai ji tende a cikin jitar Tinariwen. Babban yatsa yana dukan tsirkiyar ƙasa a kai a kai, sauti ɗaya ba ya canzawa, sauran yatsu suna zagaya shi da gajerun karin murya masu komowa. Waƙa takan zauna a kan amo ɗaya daga farko har ƙarshe, saɓanin kiɗan Turai mai yawan sauya mazauni. Tafi da ƙwarya ne ke riƙe lokaci, a farkon zamani ma jarka ake bugawa. Mai waƙa ya ba da baiti da murya ƙasa-ƙasa, jama'a su amsa. Saurin kiɗan kuwa na tafiyar raƙumi ne, ba gaggawa. Makaɗan Tinariwen sun saurari Rabah Driassa na Aljeriya da Nass El Ghiwane na Maroko, sun saurari kaset ɗin Dire Straits da Santana da Jimi Hendrix, amma ƙashin bayan kiɗan daga wurin iyayensu mata suka ɗauko shi.

Abin da ya fi canzawa shi ne abin da ake faɗa. Tsohuwar waƙa tana yabon jarumi da raƙumi da kyan mace. Sabuwar tana maganar rashin aiki, da kewar gida, da ƙishirwa, da rarrabuwar kan ƙabilu, tana kiran mutane su farka su nemi ilimi. Abzinawa suna kiran salon assouf, wato kewa, wasu kuma su ce jita kawai.

Zamanin kaset

Babu kamfani, babu situdiyo, babu rediyon da zai sa waƙarsu. Wanda yake so sai ya zo da kaset ɗin da ba komai a ciki, a ajiye rakoda a tsakiyar tabarma, a danna, a yi kiɗan. Abin da ke wurin duk yana shiga: tari, da dariya, da ƙarar kofin shayi, da gaisuwa ga wane da wane da ke nesa. Daga nan kaset ɗin ya shiga aljihun direba ko ɗan ci-rani, a kwafa a Tamanrasset, a sake kwafa a Kidal, a sake a Agadas, har sauti ya dusashe amma ana ji. A ƙarshen shekarun 1980, riƙe irin wannan kaset yana iya jefa mutum cikin matsala da jami'an tsaro a Mali.

Wannan hanya ta bar alama biyu a jikin ƙungiyar. Ta farko, waƙar da ba ta taɓa zuciya ba ta mutu a kwafi na farko, domin babu mai tallata ta. Waɗanda suka rayu sun rayu ne don mutane suna bukatarsu. Ta biyu, Tinariwen ba ta taɓa zama ƙungiya mai ƙayyadaddun mutane ba. Wanda yake kusa shi ke kaɗawa. Har yau, waɗanda ke hawa dandamali a Paris ba lallai su zama waɗanda suka yi na bara ba, kuma akwai lokutan da Ibrahim kansa ya zauna gida wajen iyalinsa da dabbobinsa, ƙungiyar ta yi tafiya ba shi.

A 1990 tawaye ya sake tashi, bayan kisan Cintabaradan a Nijar a watan Mayu da harin Menaka a Mali a watan Yuni. Wasu daga cikin makaɗan sun ɗauki bindiga na 'yan watanni. Bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta Janairun 1991 suka ajiye makamai suka koma ga jita, kuma a 1996 aka ƙona bindigogi a Timbuktu a bikin zaman lafiya.

Fita duniya

Ƙofar ta buɗe ta hannun wata ƙungiyar makaɗa ta Faransa mai suna Lo'Jo, wadda ta haɗu da su a Bamako a ƙarshen shekarun 1990. Tare da wasu Abzinawa suka shirya bikin kiɗan hamada na farko a Tin Essako a Janairun 2001. A gidan rediyon Tisdas na Kidal, inda wuta ba ta wuce 'yan sa'o'i da dare, aka ɗauki kundin The Radio Tisdas Sessions tare da Justin Adams, makaɗin jita ɗan Ingila. Sai kundin Amassakoul a 2004, sai Aman Iman a 2007, shekarar da suka buɗe wa ƙungiyar Rolling Stones wasa. A 2010 sun yi kiɗa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Matasa irin su Eyadou Ag Leche da Said Ag Ayad, waɗanda suka tashi da jin kaset ɗin, suka shigo suka ƙara wa kiɗan kauri.

Abin yabo shi ne ba su sauya harshe ba. Da Tamashek, harshen Abzinawa, suka fara, da shi suke waƙa har yau, cikin rawani da babbar riga. Da suka ga situdiyo yana shaƙe kiɗan, sai suka ɗauki na'urori suka kai jeji: a kusa da Djanet aka ɗauki Tassili, a ƙarƙashin tanti, baƙin makaɗa daga Amurka irin su Tunde Adebimpe suka biyo su can.

Abin da duniya ta ji, da abin da ya wuce ta

A nan nazari yake bukatar faɗin gaskiya. Kasuwar Turai ta laƙaba wa kiɗan sunan bulus ɗin hamada, tana danganta shi da kiɗan baƙaƙen fatar Amurka, alhali makaɗan da kansu sun ce ba su san wancan kiɗa ba sai da suka fara fita waje. Laƙabin ya taimaka wajen sayar da faifai, amma ya ture tende da imzad gefe, ya mayar da abin da yake da asalinsa kamar reshen wani abu. 'Yan jarida kuma suka maƙale wa hoton ɗan tawaye mai bindiga a kafaɗa ɗaya, jita a ɗaya, suna maimaita shi shekara da shekaru, ko da yake watannin yaƙi kaɗan ne cikin rayuwar da aka shafe ana kiɗa.

Babbar asarar ita ce ta kalmomi. A wurin Abzinawa waƙar ce gaba, jita tana rakiya. Dubban mutanen da ke rawa a London ko New York ba su san cewa baitin da suke rausaya a kai yana zargin shugabanni da sayar da jama'a ba, ko yana kukan rijiyar da ta ƙafe. Akwai kuma tambayar mata. Su ne suka riƙe kiɗan tun asali, amma a zamanin jita sai suka koma 'yan amshi a bayan dandamali.

Sannan ga abin da 2012 ta jawo. Wanda ya jagoranci ƙungiyar masu iƙirarin jihadi ta Ansar Dine, Iyad Ag Ghali, ya san makaɗan tun zaman Libiya, amma a ƙarƙashin ikonsa aka hana jita. A farkon 2013 mayaƙansa suka tsare makaɗin ƙungiyar Abdallah Ag Lamida na ɗan lokaci. Bikin hamada bai sake zama a gida ba tun na Janairun 2012. A Kalifoniya aka ɗauki kundin Emmaar na 2014, a kusa da Nuwakshot ta Muritaniya aka kammala Amadjar na 2019. Ƙungiyar da hijira ta haifa ta sake komawa hijira, wannan karon da fasfo da jirgin sama.

Magada a Nijar

Salon bai tsaya a Mali ba. A Nijar, Abdallah Oumbadougou ne ya fara share fage tun shekarun 1980. Bombino, ɗan yankin Agadas, ya fitar da Nomad a 2013, kuma kundinsa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar kwamfuta da aka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ta katin memori, kamar yadda kaset ya yi a da, har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Shi ne ya fi kowa tura salon zuwa rok tsantsa, da ganguna da gudu da ƙara, kamar yadda ake ji a Afrique Victime na 2021. Fatou Seidi Ghali da ƙungiyarta Les Filles de Illighadad sun ba da amsa ga tambayar mata a aikace: sun haɗa tende da jita a hannun mace. A Agadas kuma jita ta zama kiɗan biki, Etran de l'Aïr suna kaɗa ta wa Abzinawa da Hausawa da Tubawa a tsakar unguwa.

Kammalawa

Darasin Tinariwen ga duk makaɗin da ke mafarkin fita waje a bayyane yake. Sun yi wa mutanensu waƙa da harshensu a kan abin da ke damunsu, har waƙar ta yi ƙarfin da baƙo ya ji ta ko bai fahimci kalma ɗaya ba. Aikin da ya rage na masu nazari ne, musamman mu maƙwabta. A 2022 an sake fitar da wani kaset da suka ɗauka a Abijan a 1991, amma mafi yawan na zamanin Libiya da Tamanrasset suna cikin akwatunan mutane, zafi da ƙura suna cinye su. A Agadas da Tawa da Ingal akwai dubban mutane masu jin Tamashek da Hausa duka biyu. Su ne suka fi dacewa su tattara waɗannan kaset, su rubuta baitocin, su fassara mana su, domin mu da muke raba kasuwa da rijiya da Abzinawa tun zamanin ayarin gishiri mu san abin da suke faɗa kafin masu faɗar su ƙare.