Masu Jakar Goyo a Sudan: Wa Ya Biya Kuɗin Arhar Nan?

Kwanakin nan babu majalisar da za ka zauna a nan Sabo ba ka tarar da samari sun duƙufa a kan waya suna kallon bidiyon Turawan nan masu yawon duniya da jakar goyo ba. Waɗanda suka fi tashe su ne na Sudan, waɗanda aka ɗauka kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Mu ma mun zauna mun kalli da dama daga ciki, kuma mun ga bai kamata mu yi shiru ba, don ƙasar da ake nunawa ba baƙuwarmu ba ce.

Hanyar tasu kusan ɗaya ce. Mutum ya taso daga Aswan ta Masar ya shigo Wadi Halfa, ya bi gaɓar kogin Nilu zuwa Dongola, ya wuce Karima inda dutsen Jabal Barkal yake. Daga nan sai Meroe, wadda mutanen wurin ke kira Bajarawiyya, sannan ya ratsa ta Atbara ya gangara Port Sudan da Suwakin a bakin Bahar Maliya.

Bari mu fara da yabo, don gaskiya akwai abin yabawa. Da yawanmu a bidiyon nan muka fara sanin cewa gine-ginen dala da ke Sudan sun fi na Masar yawa, kuma a Meroe kaɗai akwai wajen 200. A nan muka ji cewa sarakunan Kush, baƙar fata irinmu, sun taɓa mulkin Masar kanta, cikinsu har da Taharƙa. Wannan ba a koya mana shi a makaranta ba. Kuma mutanen nan ba su da girman kai: su shiga motar haya, su kwana a lokanda inda ake jera gadaje a tsakar gida, su sa hannu su ci wake da burodi. Gani ya kori ji.

To amma fa abin da ya tsaya mana a wuya shi ne kalmar da suke ta nanatawa: arha. Kowa rige-rige yake ya nuna ya fi ɗan'uwansa kashe kuɗi kaɗan. Sai ka ga mutum yana murna wai yau bai kashe ko sisi ba, mai shayi ta ƙi karɓar kuɗinsa, wani ya biya masa mota, wani ya ja shi gida ya ba shi gado da abinci. Sai ya rubuta sifili a littafinsa, ya ɗauka dabararsa ce.

Haba jama'a! Mu da muka tashi a zango ai mun san wannan lissafi. Unguwar nan a kan saukar baƙi aka kafa ta. Iyayenmu masu masauki sun sauki fataken shanu da na goro shekara da shekaru, kuma mun san cewa tuwon da aka kai wa baƙo daga tukunyar gida aka kwashe shi, wani lokaci ma rabon yara aka rage. Baƙon kirki ya san haka, shi ya sa yake zuwa da tsaraba, in ya tashi tafiya ya bar wani abu a hannun yaran gida. Wanda ya fi mai gida ƙarfi nesa ba kusa ba, ya ci ya sha, ya koma yana tallar cewa ga ƙasar da ake ci kyauta, wannan bai fahimci abin da aka yi masa ba. Karamci aka yi masa, shi kuma ya sa shi a layin ragi.

Akwai kuma abin da bidiyon ba sa tsayawa su bayyana. Takunkumin da Amurka ta sa wa Sudan a 1997 ya sa a wancan lokacin katin bankin waje ba ya aiki a can, don haka matafiyi da dalar Amurka yake shiga a aljihu, ya canza a kasuwar bayan fage. Duk lokacin da fam ɗin Sudan ya faɗi, shi abu ya ƙara masa sauƙi, mai albashi kuwa ya ƙara shiga uku. Atbara ɗin nan da suke wucewa suna yaba arhar abinci, a nan ne a Disamba 2018 mutane suka fito kan titi saboda burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, boren da ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilu 2019. Burodi ɗaya ne, amma na wani abin dariya ne, na wani abin zubar da jini.

Na biyu, yadda suke son wuri ya zama babu kowa. Babban abin alfaharinsu a Meroe shi ne su juya kyamara su nuna yashi da duwatsu, ba kowa sai su. Mai raƙumin da ke jiran ciniki da yaran da ke tallar 'yan sassaƙe-sassaƙe sai su zama masu damu. Kuma kaɗan ne cikin waɗanda muka kalla suka faɗi dalilin da ya sa kawunan gine-ginen da yawa suke a guntule. A 1834 wani ɗan Italiya, Giuseppe Ferlini, ya farfasa wasu daga cikinsu yana neman zinariya. Ya samu kayan adon sarauniya Amanishakheto, kuma yau suna gidajen tarihi na Munich da Berlin a Jamus. Wanda ya zo daga Turai ya tsaya a wurin, ai ya kamata ya faɗi wannan.

Na uku shi ya fi taɓa mu. In sun isa Suwakin, ba abin da suke gani sai kangon gidajen da aka gina da duwatsun teku, garin da ya mutu bayan Turawa sun gina Port Sudan. Mu kuwa Suwakin mashigar hajji ce. Kakanninmu sun bi ta Borno da Chadi da Darfur a ƙafa da kan jaki, su yi shekaru a hanya, su tsaya su yi aikin auduga a Jazira su tara kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu ba su dawo ba, zuriyarsu na can. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. In tafiyar talauci ake nema, ga ta nan ta gaske, amma ba mu ji an ambace ta ba ko sau ɗaya.

Ga samarinmu kuma da ke cewa ai su ma za su iya: ku lura da abin da ba a nunawa. Bayan jakar nan akwai fasfo mai buɗe ƙofofi, da inshorar lafiya, da tikitin komawa gida. Shi in ya ratsa hamada sunansa ɗan yawon buɗe ido. Kai in ka ratsa, a shingen farko za a fara tambayarka ko baƙon haure ne.

Yau miliyoyin mutanen Sudan sun bar gidajensu, an wawashe gidan tarihi na ƙasa da ke Khartoum, masu jakar goyo kuma sun koma wasu ƙasashen neman wata arhar. Ba mu ce kada a kalli bidiyon ba, a kalla, akwai ilimi a ciki. Amma wayar nan da ake kallo da ita tana ɗaukar murya. In da sauran dattijo a gidanku da ya bi hanyar nan, ko ya ji labarinta daga bakin mahaifinsa, ku zauna da shi tun yana da rai ku naɗa. In kuma an tashi taimakon 'yan gudun hijirar Sudan a masallaci, mu tuna cewa kakanninmu ma sun sha ruwan randunansu na bakin hanya ba su biya ba. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.