Tsokaci Kan Ajiye Katunan Bitar Kalmomi a Jakar Intanet ta Haɗaka: Misalin Yola da Jimeta

A Yola da Jimeta ɗalibai da dama Fulfulde ne harshensu na farko, wanda ba ya bambanta jinsin namiji da tamata a cikin suna, kuma ba shi da sautin /ƙ/. Saboda haka katunan bita na manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, suna da amfani wajen koyar da su Hausa. Manhajar kan jinkirta katin da ɗalibi ya riƙe, ta gaggauta dawo da wanda ya manta, bisa tsarin da Piotr Woźniak ya ƙirƙiro a 1987.

Abin da muke suka shi ne shawarar da ake bayarwa cewa a ɗora rumbun manhajar a jaka guda ta Dropbox ko Google Drive, domin kwamfutocin makaranta da na gida su riƙa ɗauka daga can. Muna ganin illa biyu a nan.

Ta farko, rumbun fayil ɗaya ne, kuma jakar ba ta iya haɗe gyare-gyaren da aka yi masa daga wurare biyu. Idan wuta ta ɗauke ko intanet ta yanke kafin aikin wata kwamfuta ya gama hawa, sannan aka buɗe shi a wata, sai a sami kwafi biyu masu saɓani, ko fayil ɗin ya lalace. Littafin jagorar manhajar kansa ya yi gargaɗi a kan haka.

Ta biyu ta fi shafar koyarwa. Rumbun yana ƙunshe da tarihin bitar mutum ɗaya. Idan aji guda suka yi tarayya a kansa, wanda ya ƙware a jinsin "rana" da "wata" zai sa a jinkirta katin ga wanda bai ƙware ba, malami kuwa ya rasa ma'aunin gane mai rauni.

Don haka muna ba masu tsara manhajar karatu shawarar a raba abu biyun. Malami ya fitar da katunan kaɗai, ba tare da jadawalin bita ba, ya ajiye su a jakar. Kowane ɗalibi ya sauke su cikin asusunsa, ya daidaita na'urorinsa ta AnkiWeb. Inda intanet ta yi wuya, a raba katunan ta filas.