Tarihin Zauren Magina na Kilwinning

Kilwinning ƙaramin gari ne a Sikotland, amma zauren ƙungiyar 'yan'uwantaka ta magina da ke cikinsa, watau Freemason, ya yi suna. Masu ba da tarihinsa suna cewa shi ne uwar sauran zauruka, wai tun ƙarni na 12 magina suka kafa shi, sa'ad da ake ginin gidan ibadar garin.

To, a nan muka rabu da su. Littafin taron zauren mafi tsufa daga 1642 ya fara, na Edinbara kuwa daga 1599. Dokar da William Schaw, shugaban maginan sarki, ya rubuta a 1599 ta sa Edinbara gaba, Kilwinning na biyu. Da babbar ƙungiyar ƙasar ita ma ta sa su na biyu, suka fita daga cikinta a 1743. Da suka komo a 1807, aka sa su bisa kowa da lamba 0.

Lambar nan sulhu ce aka yi, ba shaidar tsufa ba ce. Mai karatu, in an ba ka tarihi, girmama abin da kakanni suka faɗa, sa'an nan ka tambayi takarda.