Ina Marsiyyar Malamanmu Ta Samo Tushe?

Kalmar marsiyya aro ce daga Larabci. Bahaushe ya mai da harafin sa mai ɗigo uku ya koma s, kamar yadda ya yi wa Usman. Ma'anarta waƙar kukan mamaci da ambaton kyawawan halayensa. An sha cewa marsiyyoyin da malaman ƙasar Hausa suka tsara da Larabci kwaikwayon Larabawa ne tsantsa. Wannan magana tana bukatar awo.

Babu musu, an yi aro. A cikin Ida'un Nusuki, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ambaci cewa ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Shu'ara shida na jahiliyya wajen wansa Shehu Usman, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Daga irin wannan karatu aka gaji ma'aunin baiti, da amsa-amo guda tun daga farko har ƙarshe, da buɗe waƙa da zubar hawaye da rashin barci, sannan jero halayen mamaci. Haka Hansa'u ta yi kukan ɗan'uwanta Sakru, haka Mutammimu ya yi na Maliku.

Amma a duba abin da aka ƙi ɗauka. Mawaƙin jahiliyya zamani yake zargi, yana kuma ingiza dangi su ɗauki fansa. Abin yabonsa jaruntaka ne da yanka wa baƙo raƙumi. A marsiyyoyin da ke cikin Tazyinul Waraƙati (1813), da wadda Nana Asma'u ta yi wa Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ilmi da taƙawa da taimakon addini ne a gaba, baƙin ciki kuwa yana ƙarewa da miƙa wuya ga hukuncin Allah da roƙa wa mamaci rahama. Tushen wannan shi ne Alƙur'ani, da kukan da Hassanu ɗan Sabitu ya yi na wafatin Annabi, da waƙoƙin zuhudu.

Ke nan tushe biyu ne: siga daga jahiliyya, manufa daga Musulunci. Mai nazarin da ya tsaya ga siga zai kira su masu kwaikwayo, alhali zaɓe suka yi da sani. Ga mu ƴan bincike, aikin da ya rage shi ne bin zaurukan malamai na Gidan Amumune da Mayahi da Tasawa, a ga irin marsiyyoyin da ke cikin gafakokinsu, a gwada su da wannan ma'auni tun gara ba ta riga mu ba.