4.2 Jigon Ƙyamar Yaƙi a Littafin Testament of Youth

Idan aka nazarci wannan littafi na Vera Brittain, wanda aka buga a 1933, za a ga cewa babban jigonsa shi ne ƙyamar yaƙi. Marubuciyar ta bar karatunta a Jami'ar Oxford a 1915 ta shiga aikin jinya na sa-kai. An tura ta tsibirin Malta a 1916, sannan asibitin soja na Étaples a Faransa a 1917.

Wurin da jigon ya fi fitowa fili shi ne ɗakin da ta yi jinyar fursunonin Jamus. A nan ne ta lura cewa tana ƙoƙarin ceto ran mutanen da ƙanenta Edward yake fagen fama don ya kashe. Da wannan hoto guda ta nuna wautar yaƙi ba tare da dogon wa'azi ba.

Sai dai akwai abin dubawa. An rubuta littafin shekara 15 bayan ƙarewar yaƙin, bayan ta rasa saurayinta a 1915 da ƙanenta a 1918. Kundin da ta riƙa rubutawa kullum, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa a 1914 ɗokin yaƙin take yi. Saboda haka, sau da yawa muryar da mai karatu yake ji ta babbar macen da ta sha wuya ce, ba ta yarinyar da ta shiga asibitin ba. Wajibi ne manazarci ya bambanta muryoyin biyu.