Sharhi a Kan Muhawarar Corvino da Gallagher

Littafin da zan yi wa sharhi shi ne *Debating Same-Sex Marriage*, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga a 2012. Mutum biyu ne 'yan Amurka suka rubuta shi: John Corvino, malamin falsafa mai goyon bayan auren jinsi ɗaya, da Maggie Gallagher wadda ta daɗe tana adawa da shi. Kowa ya kawo hujjarsa, sa'an nan ya mai da wa ɗan'uwansa martani, ba zagi ba gori. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu.

Gallagher ta jingine addini gefe, ta kafa hujjarta a kan haihuwa. Watau a ganinta al'umma ta tsara aure ne domin saduwar mace da namiji ita ke kawo 'ya'ya, 'ya'ya kuwa suna bukatar uwa da uba. To, a nan ne Corvino ya ɗana mata tarko: ina matsayin juya, da tsohuwar da ta wuce haihuwa? Ai ba wanda ya taɓa hana ɗaura musu aure. Amsarta ita ce, ko ba su haihu ba, aurensu irin wanda ake haihuwa a cikinsa ne. Ni dai wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, don kuwa ta sake ma'auni a tsakiyar ciniki: da farko ɗa ne hujja, yanzu kuma siffar ma'aurata. Kotun Ƙoli ta Amurka ma ta nan ta ɓullo a 2015, lokacin da alƙalai 5 suka rinjayi 4, suka ce iya haihuwa bai taɓa zama sharaɗin aure ba.

Amma kada mai karatu ya zaci Corvino ya tsira. In so da kulawa da juna ne ginshiƙin aure, me ya tsai da shi a kan mutum biyu? Ya yi ƙoƙarin raba batunsa da na auren mace fiye da ɗaya, sai dai ƙoƙarin ya fi kama da gudun abin kunya. Mu da muka tashi a gidajen uwargida da amarya, lalle wannan wuri zai ba mu dariya, ganin yadda rayuwarmu ta yau da kullum ta zama dodon da ake tsorata abokin muhawara da shi. Littafin na auren Amurka ne, sunansa ne kawai bai faɗi haka ba.