Hadda Daban, Magana Daban: Wasan Kwaikwayo a Kwalejojin Nijar

A ƙarshen shekarar karatu, idan kwaleji ta shirya bikin raba sakamako, akwai abin da ba a cika rasawa ba. Za a kira yaro ɗan shekara 13 ko 14, ya fito gaban iyaye da malamai, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya zubo tatsuniyar La Fontaine ta hankaka da dila da Faransanci, daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. A yi tafi, a ce yaro ya iya magana. Amma da wani dattijo zai tare shi ya tambaye shi wace dabara dila ya yi wa hankaka, sai ya sunkuyar da kai ya shiga wasa da yatsu. Hadda ta koya masa tsayuwa gaban jama'a, ba ta ba shi abin da zai ce musu ba.

Wannan shirun yana da asali. Makarantar boko ta zamanin Faransa ta zo da al'adar rataya wa yaro alamar horo idan bakinsa ya suɓuce ya yi harshen gida, al'adar da ta daɗe bayan samun mulkin kai a 1960. Yaron da aka koya wa cewa harshen da yake tunani da shi laifi ne, ba abin mamaki ba ne idan ya zaɓi yin shiru. Galibi akan ɗora laifin a kan kunya. Alhali kunya tarbiyya ce, tana koya wa yaro lokacin magana da yadda ake yin ta gaban manya. Abin da ke ɗaure harshen ɗan kwaleji tsoro ne: tsoron kuskuren nahawu da dariyar ƴan aji.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan gida. Yaron da ya kasa amsa tambaya a aji, shi ne yake ɗaura gemun auduga a watan azumi ya zagaya unguwa yana tashe, yana ba manya dariya ba ko gezau. A Damagaram, wasan kara ya daɗe yana ba samari damar kwaikwayon masu mulki a bainar jama'a. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa sun ɗaukaka wasan kwaikwayon Hausa, rediyo da talabijin suka kai shi gidaje. Yazi Dogo, wanda sunansa ya fi fita a wannan fage, malamin makaranta ne. Hanyar aikin irin waɗannan ƙungiyoyi ita ce abin lura: a zauna a tsara labari, a raba matsayi, sannan kowane ɗan wasa ya nemo kalmominsa da kansa, a yi ta maimaitawa ana gyara. Janet Beik ta bayyana wannan a littafinta na 1987 a kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar.

Wannan hanya ce ta dace da ɗan kwaleji. Wanda aka ba matsayin alkali ko mai sayar da goro ba tare da rubutacciyar magana ba, dole ya saurari abokin wasansa, ya yi tunani, ya mayar da amsa nan take. Idan ya yi tuntuɓe, ya gyara, wasa ya ci gaba. Ta haka yake gane cewa kuskure gaban jama'a ba mutuwa ba ne. Ƴan mata sun fi kowa bukatar wannan, domin yarinyar da ta taɓa kāre ra'ayinta a dandali ta fi kusa da iya faɗa wa iyayenta, cikin ladabi, cewa tana son ta kai ga jarrabawar BEPC.

Sai dai sauya harshe kaɗai bai wadatar ba. Yawancin wasannin faɗakarwa da ake sa ɗalibai su yi a kan tsabta ko auren wuri da Hausa ake yin su, amma manya ne suka rubuta saƙon, yara suka haddace. Mugu ya tuba a minti na ƙarshe, a karanto darasi, a watse. Wannan ma hadda ce, ta sauya riga kawai. Haka kuma ba a ce a jefar da rubutaccen wasa ba. Ɗalibin da ya saba ƙirƙirar magana zai fi jin daɗin Tanimoune na André Salifou, wanda ya fito a 1973 a kan Sarkin Damagaram Tanimu, domin zai shiga rigar sarki yana sane da nauyin kowace kalma.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta isa ta sa yaro ya ɗaga kai ba. Abin da ake bukata bai fi inuwar bishiya, da awa guda a mako, da malamin da zai iya haƙurin yin shiru har ɗalibi ya gama maganarsa ba.